Idan Mai Ya Ƙare, Wa Zai Yi Dakan? Sharhi Kan Littafin Kunstler

Wani abokin aikina ne ya turo mini sunan littafin, ya haɗa da ɗan saƙo: "Malam, karanta ka ga makomarmu, jarumin ma ɗan gidanmu ne." Na ajiye shi watanni ban duba ba. Sai a tsakiyar 2023, bayan an cire tallafin mai, lokacin da na fara zama da alƙalami ina lissafa awa nawa janareta zai yi kafin kuɗin mansa ya cinye ladan aikin da nake yi da shi, sannan na tuna da shi. Na karanta shi a waya cikin dare huɗu, ina rage hasken fuskar wayar don caji ya kai ni. Na faɗi haka tun farko saboda yanayin ya shafi yadda na karɓi labarin, kuma mai karatu na da haƙƙin ya san da wane ido na kalle shi.

Sunan littafin World Made by Hand, wato duniyar da aka ƙera da hannu. James Howard Kunstler ne ya rubuta shi, ɗan Amurka, ya fito a 2008. Ƙagaggen labari ne game da rayuwa bayan man fetur ya gagari mutane, tattalin arziki ya rushe, gwamnati ta zama sai suna. Hukuncina a taƙaice shi ne: littafin ya iya kwatanta rashi, ya san ƙanshin gari da babu mota a cikinsa, amma ya kauce wa tambayar da ta fi kowace nauyi, wato idan mai ya yi ƙaranci wa ke fara shan wuya, kuma wa za a tuhuma.

Inda tsoron ya samo asali

Kafin a shiga labarin, ya kamata a san ƙasar da ya tsiro a kai. A 1956 wani masanin duwatsu mai suna M. King Hubbert, ma'aikacin kamfanin Shell, ya gabatar da takarda a birnin San Antoniyo na jihar Taksas. Abin da ya ce mai sauƙi ne. Kowace rijiyar mai tana farawa da kaɗan, ta haura, ta kai ƙololuwa, sannan ta fara sauka. Idan aka tara rijiyoyin ƙasa guda, su ma haka za su yi. Ya yi hasashen Amurka za ta kai ƙololuwarta tsakanin 1965 da 1970. Da yawa ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba. A 1970 Amurka ta kai ganga miliyan 9.6 a rana, daga nan ta fara gangarowa, ta yi shekara kusan 40 tana sauka.

Wannan dacewar ce ta haifi tunanin da ya bazu a farkon shekarun 2000: idan Amurka ta kai ƙololuwa, duniya ma za ta kai, kuma ranar ta kusa. Kunstler na cikin masu babbar murya a wannan sahu. A 2005 ya fitar da The Long Emergency, littafin bayani inda ya ce rayuwar Amurkawa ta unguwannin bayan gari, inda ko burodi za ka saya sai ka tuƙa mota, an gina ta ne a kan mai mai araha, kuma babu wani makamashi da zai maye gurbinsa yadda za a ci gaba da irin wannan rayuwa. World Made by Hand ɗan wancan littafi ne. Abin da ya faɗa da hujja a can, shi ya sa wa fuska da suna a nan. Lokaci ma ya taimake shi, domin a watan Yulin shekarar da littafin ya fito gangar ɗanyen mai ta kai dala 147, kuma kafin shekara ta ƙare manyan bankunan Amurka sun fara durƙushewa.

Labarin

Garin da labarin ke gudana ƙirƙirarre ne, sunansa Union Grove, a karkarar jihar Niyu Yok. Mai ba da labarin Robert Earle ne, wanda a da babban ma'aikaci ne a kamfanin manhajar kwamfuta, yanzu kuma kafinta. Cututtuka sun ɗauke matarsa da 'yarsa, ɗansa ya bar gari ba labari. An tayar da bam a Los Anjalis da Washinton. Babu mota, babu jarida, babu kantin zamani. Wutar lantarki takan leƙo jifa-jifa ta koma, idan rediyo ya kama kuma masu wa'azi kawai ake ji.

Mutum uku ne ke riƙe da ƙarfi a yankin. Stephen Bullock na da gonaki masu faɗi da mutanen da ke yi masa aiki a madadin ci da tsaro, har da 'yar wutarsa da yake samu daga ruwa. Wayne Karp da yaransa sun mamaye tsohon juji, suna tono kayan da mutanen da suka zubar suna sayarwa, kuma ba sa jin kunyar zubar da jini. Sai Brother Jobe, shugaban wata ƙungiyar addini da ta yi hijira daga kudu ta zauna a tsohuwar makarantar sakandaren garin. Kisan wani matashi a wurin su Karp ne ya tayar da garin daga barci. Aka naɗa Robert shugaban gari, ya yi tafiya zuwa Albani don ceto ma'aikatan jirgin ruwan Bullock da aka tsare, ya dawo ya fuskanci Karp.

Abin da littafin ya iya

Dole a ba Kunstler haƙƙinsa. Ya lura da ƙananan abubuwa. Ya san cewa idan masana'anta suka tsaya, ƙusa ma dukiya ce, tsohuwar kwalba ma dukiya ce. Juji ya zama ma'adini a labarinsa, kuma duk wanda ya taɓa ganin yaran da ke yawo da buhu da ƙarfen maganaɗisu suna tsintar gwangwani ya san wannan ba almara ba ce. Yadda ya kwatanta wutar da ke zuwa ba sanarwa ta sa mutum ya yi zumbur, sannan ta ɗauke kafin ya gama murna, na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Abin da ya ɗauka alamar tashin duniya ne, a wurinmu ranar Talata ce kawai.

Ya kuma yi daidai a kan yadda iko ke rabuwa idan hukuma ta ja baya. Mai ƙasa, mai makami, mai mumbari: waɗannan su ke cike gurbi. Bai zana Brother Jobe a matsayin mayaudari zalla ba. Mutanensa su ne masu tsari, masu sana'a, masu iya tsayawa da juna, shi ya sa garin ke buƙatarsu ko da yana tsoronsu. Wannan lura ce ta marubuci da ya kalli mutane da kyau. Harshensa kuma a natse yake, ba ya gaggawa, yana barin mai karatu ya ji tsawon tafiyar da a da awa ɗaya ce a mota, yanzu kwanaki ce a kan doki.

Gwajin da aka canza abu uku a lokaci guda

Matsalata ta farko ta fito ne daga sana'ata. Idan manhaja ta lalace ina neman dalili, ƙa'idar farko ita ce in canza abu ɗaya in sake gwadawa. Idan na canza abu uku a tare sannan ta faɗi, ban san wanne ya kayar da ita ba, kuma duk wanda na nuna wa sakamakon yana da damar ya ce ban tabbatar da komai ba.

Abin da Kunstler ya yi ke nan. Maganarsa ita ce ƙarancin mai zai rusa rayuwar zamani. To amma da ya zo gina duniyar labarin, sai ya kawo bama-bamai biyu da suka shafe manyan birane, ya kawo yaƙi a Gabas ta Tsakiya, ya kawo annoba da ta rage jama'a sosai. Ƙasar da aka yi wa haka za ta durƙushe ko da mai na malala a titi. Annobar ma ta yi masa wani aiki a ɓoye: ta kawar da miliyoyin bakunan da da sai ya bayyana yadda za a ciyar da su. Garinsa na da isasshen abinci ne saboda yawancin masu ci sun mutu kafin shafin farko. Tambaya mafi wuya a labarin ƙarancin makamashi ita ce yadda mutane masu yawa za su raba abu kaɗan, shi kuwa ya rage mutanen ya huta.

A kwatanta da wani littafi da ya riga shi da shekara 36. A 1972 wasu masu bincike na jami'ar MIT, cikinsu har da Donella Meadows da Dennis Meadows, suka fitar da The Limits to Growth bisa buƙatar ƙungiyar Club of Rome. Sun gina ƙirar lissafi a kwamfuta mai suna World3, da ke bin abu biyar: yawan jama'a, abinci, masana'antu, gurɓata muhalli, da albarkatun da ba sa sabuntuwa. Suka riƙa canza zato ɗaya suna sake kunna ta: idan albarkatu sun ninka fa? Idan an rage gurɓata fa? An soki littafin sosai, kuma wasu sukan na da tushe, domin ya dunƙule duniya duka wuri guda kamar babu bambanci tsakanin mai ƙoshi da mai yunwa. Amma sun buga lissafinsu a fili, har ga shi yau an sake rubuta ƙirar da harsunan kwamfuta na zamani irin Python, kowa na iya sauke ta ya canza lamba ya ga abin da zai fito. Wanda ya nuna maka zatonsa ya ba ka sandar da za ka doke shi da ita. Kunstler bai ba da wannan sanda ba. Na san ƙagaggen labari ba rahoton bincike ba ne, ba na neman ya zo da jadawali. Amma labarin da ya zo da niyyar gargaɗi, dole sanadinsa ya riƙe nauyin sakamakonsa.

Abin da ya faru bayan 2008

Tarihi bai bi hanyar littafin ba. Gangar da ta kai dala 147 a Yuli ta faɗo ƙasa da dala 40 kafin ƙarshen Disamba, saboda tattalin arziki ya yi sanyi, buƙata ta ragu. Tsadar shekarun nan kuma ta sa wata dabara da a da ba ta biyan kuɗinta ta fara biya: a haƙa rijiya ta gangara sannan ta miƙe a kwance, a tura ruwa da yashi da ƙarfi a farfasa dutsen da mai ke maƙale a ciki. Da wannan Amurka ta tashi daga kusan ganga miliyan 5 a rana a 2008, ta wuce tarihin 1970 a 2018, ta kusa miliyan 13 a 2023. A watan Afrilun 2020, lokacin kullen korona, an yi ranar da farashin wani nau'in ɗanyen man Amurka ya faɗi ƙasa da sifili, mai kaya na biyan kusan dala 37 a kan kowace ganga don a raba shi da ita, saboda babu wurin ajiya.

Hubbert ya auna dutse daidai, abin da lissafinsa bai ɗauka ba shi ne martanin mutane. Idan farashi ya hau, wasu su rage sha, wasu su nemo inda a da ba a kula ba. A aikinmu mukan ce tsari yana da zagayen martani, abin da ya fita yana komawa ya canza abin da ke shiga. Duk ƙirar da ta manta da wannan, layi ɗaya za ta zana ta bi shi har rami.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka ina cewa babu abin tsoro. Mai abu ne mai iyaka, wannan ba ya buƙatar gardama. Man Birtaniya na Tekun Arewa ya kai ƙololuwa a 1999, bai sake komawa can ba. Rijiyoyin fasa dutse na Amurka suna ba da mafi yawan abin da ke cikinsu a shekarun farko, sai an yi ta haƙa sababbi kafin a tsaya wuri ɗaya. Ga kuma ɗumamar yanayi, wadda ke nuna cewa ko man bai ƙare ba, ƙona shi duka wata masifa ce. Kunstler na cikin waɗanda suka yi kururuwa a kan matsalar kwamfuta ta shekarar 2000, lokacin da aka ji tsoron tsofaffin manhajoji masu ajiye shekara da lamba biyu za su rikice idan 99 ta koma 00. Ranar ta zo ta wuce lafiya, mutane suka ce ƙarya ce. Mu 'yan sana'ar mun san matsalar gaskiya ce, dubban masu rubuta manhaja ne suka yi shekaru suna gyara layi bayan layi. Kunstler ya hango haɗarin, bai hango masu gyara ba. Kuskuren da ya maimaita ke nan a wannan littafi.

Laifi tudu ne

Matsala ta biyu ta fi damuna. Wa ya jawo rushewar a labarin? Amsar littafin ita ce kowa: salon rayuwa, kwaɗayi, mota, kantunan zamani. Gwamnatin da za a tuhuma kuwa bam ya riga ya ɗauke ta. Babu ministan da ya sa hannu a wata takarda, babu ɗan kasuwar da ya ɓoye kaya, babu wanda ya yi arziki da wahalar wasu a lokacin da abin ke lalacewa. Idan laifi na kowa ne, babu wanda zai amsa kira.

Wannan ya saɓa da tarihin ƙasar marubucin ma. A Amurka duk lokacin da farashin mai ya tashi, abin da ake fara nema shi ne wanda za a ɗora wa. A 1973, da ƙasashen Larabawa suka hana sayar mata da mai saboda goyon bayanta ga Isra'ila, farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu, aka yi layi a gidajen mai, aka ɗora wa OPEC. A 1979 shugaba Jimmy Carter ya fito ya ce wa jama'arsa su rage sha, ya sa aka ɗora farantan ɗumama ruwa da hasken rana a rufin fadar White House. A 1980 ya faɗi zaɓe, a 1986 aka sauke farantan a zamanin Ronald Reagan. A 2008, da galan ɗin fetur ya wuce dala 4, jam'iyya ɗaya ta ce laifin masu hana haƙa sababbin rijiyoyi ne, ɗaya ta ce laifin kamfanonin mai da 'yan cacar kasuwa ne. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Wannan rigima ita ce naman labarin ƙarancin mai, Kunstler kuwa ya tsallake ta ya fara daga bayan an share fage.

Duba ƙasashen da suka ɗanɗana ƙarancin da gaske. Benezuwela ce ta fi kowace ƙasa yawan man da aka tabbatar a ƙarƙashin ƙasa, kimanin ganga biliyan 300, amma mutanenta sun kwana a layin fetur, miliyoyi suka bar ƙasar. Siri Lanka a 2022 ta rasa kuɗin waje na sayo mai bayan rage haraji, durƙushewar yawon buɗe ido, da hana takin zamani da aka yi ba shiri. Mutane suka yi kwanaki a layi, a watan Yuli suka kutsa gidan shugaban ƙasa, Gotabaya Rajapaksa ya tsere ya ajiye mulki. Bayan nan aka kawo tsarin raba mai da lambar QR a waya, kowace mota da rabonta na mako, layukan suka ragu. Kyuba ta rasa yawancin man da take samu bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991. Shanu suka koma huɗa, kekuna suka cika titi, aka yi lambuna a cikin birni, mutane suka rame, amma ƙasar ba ta wargaje ta koma garuruwan sarakunan juji ba. A duka ukun man duniya bai ƙare ba. Kuɗi ne suka ƙare, ko shawara ce ta ɓaci, ko abokin ciniki ne ya faɗi. Kuma yadda aka raba wahalar, mutane ne suka yanke.

Mu ma muna cikin wannan sahu, ba don ina son jawo komai gida ba. A shekarar da Hubbert ya karanta takardarsa, 1956, a ita ce kamfanin Shell-BP ya samu mai a Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yau. Nijeriya na da kimanin ganga biliyan 37 a ƙasa. Duk da haka matatunta huɗu na gwamnati, biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna, sun yi shekaru ba sa aikin kirki, ƙasar na fitar da ɗanye tana shigo da tatacce. A 2022 an yi watannin da haƙar ɗanyen mai ta faɗi ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana, saboda sata da fasa bututu da ƙarancin jari, alhali rijiyoyin ba su ƙafe ba. A Janairun 2012 lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, zanga-zanga ta dawo da ita 97. A ranar 29 ga Mayun 2023 shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500, a 2024 ta haura 1,000. Ana iya gardama a kan ko cire tallafin daidai ne, masana na yi har gobe. Abin da ba a gardama a kai shi ne, fetur bai ɓace ba. Yana nan a gidan mai, yana nan a galan ɗin 'yan bumburutu. Mai mota uku ya ajiye ɗaya, ɗan adaidaita ya rage zirga-zirga ya ƙara kuɗi, malamin firamare ya koma tafiya a ƙasa, mai shayi ya rage madara. Ƙaranci yana zuwa ne da fuskar tsada, kuma daga ƙasa yake fara ci.

Daɗin aikin hannu

Matsala ta uku tana cikin sunan littafin. Duk da mutuwa da zalunci da ke ciki, ana jin marubucin na son wannan duniya. Abinci ya fi daɗi, kifi ya dawo rafi, taurari sun fito, maƙwabta na haɗuwa su yi kiɗa da hannunsu. Robert ya bar aikin da littafin ke kallo a matsayin na banza ya kama aikin katako, ya samu kansa. Akwai gaskiya a ciki, ni ma akwai ranakun da nake rufe kwamfuta in ji kamar ban taɓa komai ba tun safe. Amma wa ke yin aikin hannun?

A Union Grove majalisar gari ta maza ce zalla, kuma mai ba da labarin na faɗin haka kamar yana faɗin cewa damina ta sauka, wai al'amura sun koma yadda suke a da. Matan labarin yawanci ana ganinsu ne ta fuskar abin da suke yi wa maza: girki, jinya, ɗebe kewa. Babu wadda aka ba mu ranarta daga asuba zuwa dare. Da an ba mu, da mun ga abin da duniyar hannu take nufi. Kakata ta yi surfe da daka da niƙa a dutse, ta ja ruwa a rijiya mai gaba da yawa, ta yi girki da itace har hayaƙi ya cinye mata ido. Ban taɓa jin ta yi kewar wannan ba. Ranar da injin niƙa ya zo garinsu, mata ne suka fi kowa murna. Duk litar man da ke shiga injin markaɗe ko injin ban ruwa, awanni ne aka cire daga kafaɗar wata mace ko wani yaro. Wanda ke begen rayuwa kafin inji, a tambaye shi wane aiki yake sa ran za a ba shi a can. Kunstler ya ba jaruminsa kafinta da shugabancin gari, bai ba shi taɓarya ba.

Akwai kuma wani abu da ya ƙara raunana ƙarshen littafin. Da rikicin Karp ya kai maƙura, sai marubucin ya warware shi ta hanyar da ke nuna Brother Jobe na da wani iko na ɓoye. Labarin da ya yi ta nuna mana ƙusa da igiya da gishiri, ya ce mu yarda da shi saboda zahiri yake faɗa, bai kamata ya fita ta ƙofar siddabaru ba a daidai inda ake jiran a ga yadda mutane za su tsayar da adalci ba tare da hukuma ba.

Abin da ya rage mana

Shin a karanta shi? A karanta. Yana da daɗin bi, kuma taga ce mai kyau ta ganin irin tsoron da ya kama wasu Amurkawa a shekarun da suka ga mai na hawa, bankuna na faɗuwa, 'yan siyasa na nuna wa juna yatsa. Amma a karanta shi da sanin cewa mafarkin mai ƙoshi ne game da yunwa. Yana hango rana ɗaya da komai zai tsaya a sake lale. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, mu da muke ciki mun san abin ba ya tsayawa, yana dai ƙara nauyi ne a hankali, wata bayan wata, mutane na ta dabara a ƙarƙashinsa.

Wannan labarin ne nake jiran marubutanmu su rubuta, kuma sun fi Kunstler kayan aiki. Labarin mai injin markaɗe da ta ƙara kuɗi, ƙawayenta suka daina gaishe ta. Labarin manomin rani da ya sayar da saniya ya sayi famfon sola, maƙwabcinsa da ba shi da saniya ya bar gonar. Labarin dillalin da ya gina bene a shekarar layin mai, ana kuma ba shi sahun gaba a ɗaurin aure. A irin wannan labari akwai masu laifi da sunayensu, akwai masu gyara da dabarunsu, kuma babu bam da zai zo ya rage wa marubuci aiki.

Na mayar wa abokina amsa bayan na gama. Na ce masa jarumin ɗan gidanmu ne a sana'a, amma da ya zo ya yi wata ɗaya a unguwarmu ya ga yadda ake haɗa batir da faranti biyu na sola a tayar da shago, da ya sake tunani kafin ya ce duniya ta ƙare. Ya aiko da dariya, sannan ya tambaye ni nawa na sayi inbata.